Yaron walda da yadda yake auna aikinsa

A shagon walda, a Katako ne ko a wata unguwar Yamai, yara iri biyu maigida yake fatan samu. Akwai mai riƙon amanar shago: shi ke buɗe ƙofa da sassafe, ba ya ɗauke guntayen ƙarfe ya sayar, ba ya sauya maigida don an jinkirta biya. Akwai kuma wanda aikin ne ya shiga ransa. Ko wutar NIGELEC ta ɗauke, za ka tarar da shi da mita da alli yana awon ƙofar gobe. Ba kullum halayen biyu ke haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba.

Ka zaunar da su ƙarshen wata ka ce, "Yaya kake ganin aikinka?" Na farko zai ce, "Maigida, ai ba ni da matsala." Ba ƙarya yake yi ba, sammakonsa da guminsa yake ƙirgawa. Na biyu sau da yawa yakan rage wa kansa, domin idonsa ya buɗe, ya san wace kusurwa ya cike da walda don ɓoye yankan da ya karkace.

Shi ya sa amsar baki kaɗai ba ta isa a ƙara wa mutum kuɗi ko a hana shi ba. A ɗora ta kan abin da ake gani. A auna ƙofa daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon bai zo ɗaya ba, ba za ta rufu daidai ba. Galibi yaron ya zarce da walda ne kafin ya ɗiɗɗiga walda kaɗan-kaɗan a kusurwoyi huɗu don su riƙe, zafi ya ja ƙarfen. A duba ko ya sa sandar walda mai kaurin milimita 3.2 a kan siririn bututu inda mai 2.5 ta isa, ya ɓula shi. A bubbuge dattin walda a ga abin da ke ƙasa kafin fenti ya rufe. Aikin da masu shi suka dawo da shi ma a rubuta.

Sannan batun kuɗi. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Maigidan da ba ya biya kan lokaci bai kamata ya jira amana ba, kuma yaron da ke tsoron a zaftare masa kuɗi ba zai taɓa cewa, "Ni na ɓata ƙarfen nan" ba. Ƙarfen sai ya ɓuya bayan shago, a gano shi ranar da ake neman guntu.