Godiya bayan dawowarmu daga dajin Wyoming

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ni da ƙanina mun dawo gida lafiya, jikinsa kuma ya yi sauƙi sosai, har ya fara fita masallaci da ƙafarsa. Saƙonni sun yi yawa, ba zan iya amsa kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuto nan.

Ga waɗanda labari ya iske su rabi da rabi: a wannan bazarar muka hau kekunan hawan dutse muka bi wani yanki na hanyar Great Divide, wadda masu tseren Tour Divide ke bi kowane watan Yuni daga Banff a Kanada zuwa Antelope Wells a bakin iyakar Amurka da Mekziko, tafiyar kimanin kilomita 4,400. Mu yankin jihar Wyoming ta Amurka kawai muka ɗauka. Daga ɗan ƙauyen Atlantic City, tsohon garin masu haƙar zinariya, zuwa garin Rawlins akwai sama da kilomita 200 na fili fetal. Babu inuwa, ruwan sha sai an tona, iska kuma tana dukan fuska tun hantsi. Sai dawakan jeji da bareyin ƙasar da ke tsayawa nesa suna kallonka. A tsakiyar wannan fili zafi ya kayar da ƙanina. Na ga ya daina gumi, leɓensa ya bushe ya tsage, ina yi masa magana yana ba ni amsar da ba ta da kai.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga wasu mata biyu ce masu keke da suka cim mana. Ba su san mu ba, ko sunanmu ba su tambaya ba. Ɗaya ta zare tantinta ta ɗaura tsakanin kekuna ta yi masa rumfa, ɗayar ta jiƙa rawaninsa da ruwan gorarta ta shimfiɗa masa a wuya da hammata, tana yi masa fifita da taswira. Ruwan da ta zuba shi ne guzurinta na sauran tafiyar, kuma ta fi ni sanin nisan da ke gabanta. Na kasa mantawa da wannan. Su ne kuma suka aika saƙo da na'urarsu ta Garmin mai amfani da tauraron ɗan'adam, don wayoyinmu babu sabis ko ɗigo.

Sai wani dattijo makiyayi da ya zo da a-kori-kura, ya loda kekunanmu a baya, ya kwantar da ƙanina a kujerar gaba ya buɗe masa na'urar sanyi har muka haɗu da motar asibiti. Na miƙa masa kuɗin mai ya ture hannuna. Ma'aikatan asibitin Rawlins sun yi masa ƙarin ruwa, suka duba ƙodarsa, kuma da na nemi wurin salla wata nas ta buɗe mini ɗaki ta kawo tawul mai tsabta. Na gode musu.

'Yan'uwa Hausawa na birnin Denver, ban san da wane baki zan gode muku ba. Alhajin da ya tuƙo mota cikin dare ya zo ya ɗauke mu, da Hajiyarsa da ta tarbe mu da kunun gyaɗa da farfesu, Allah ya saka muku da Aljanna. Dabino da kilishin da ta ƙulla mana tun kafin mu tashi su suka riƙe ni ranar da ko wutar girki ban iya kunnawa ba. Mai gyaran keken da ya nace sai mun ƙara goruna da ruwan gishiri da sukari, shi ma yana cikin addu'ata.

Inna, ki yafe mana tashin hankalin da kika shiga. An gaya mini kin kwana a kan darduma, kin kuma sa an yi sadaka a unguwa. Maman yara, sannu da haƙuri da riƙon gida.

Likita ya ce ƙanina ya huta, ya guji rana na wani lokaci, don haka masu son zuwa dubiya su bari sai bayan la'asar. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Amin.