Ikon admin a kwamfutar da ake tarayya a kanta

A shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi na Jidda da Makka, inda 'yan uwanmu ke aiki, sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya. Yawanci sai a bar ta a buɗe a asusun maigida mai cikakken iko. Wannan ganganci ne. Kowa ya zauna a ƙaramin asusunsa, in buƙata ta taso a ba manhaja ɗaya tak ikon admin.

A Windows, ka danna manhajar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Run as administrator". In Larabci aka sa wa na'urar, "تشغيل كمسؤول" za ka gani. Akwatin neman izini da ake kira UAC, wanda ya zo tun zamanin Windows Vista, zai nemi kalmar sirrin admin. In ta ƙi shiga, kada ka yi saurin zargin maigida: duba ko madannai na kan Larabci, ka juya su da Alt+Shift. Idan kuma da sunan abokin aiki kake son buɗewa, riƙe Shift kafin ka danna dama, "Run as different user" zai bayyana.

Ga inda ake ruɗewa. Manhajar da ka buɗe da asusun wani, a ɗakin wancan mutumin take zaune. Ka adana fayil a Desktop, ka duba naka ba ka gani ba, alhali yana can cikin C:\Users ƙarƙashin sunansa. Faifan ofis da aka haɗa ta hanyar sadarwa, irin su Z:, shi ma yakan ɓace mata. Jan fayil daga taga ta gama-gari zuwa tagar admin kuwa ba ya yiwuwa, da gangan Windows ta toshe shi. Sai dai ka bi ta File, sannan Open.

Masu amfani da Ubuntu maimakon Windows, gksu, umarnin da a da ake buɗe manhaja mai taga da ikon admin da shi, ya tafi tun fitowar Ubuntu 18.04 a 2018. Kada ka maye gurbinsa da sudo, umarnin da ke ba da ikon admin, wajen buɗe manhaja mai taga, domin tana iya barin fayiloli mallakar root, wato asusu mai cikakken iko, a ma'ajiyarka ta Home, sai ka gyara da chown, umarnin canza mamallakin fayil. Maimakon haka, ka buɗe Nautilus, manhajar duba fayiloli, danna Ctrl+L, rubuta admin:///etc, ka sa kalmar sirrin admin.

Za ka tashi sallah? Windows+L ya kulle naka, na gaba ya zaɓi sunansa a ƙasan allo ta hagu, ko ta dama in Larabci ne.