Yafiyar Bashin Karatu a Amurka, Yadda Ta Same Mu a Gida Ɗaya

A Amurka bashi ba abin ɓoyewa ba ne. Mu mun tashi muna jin ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a tallarsa. A nan kuwa abokiyar aikinki za ta zauna cin abincin rana ta faɗa miki nawa ake binta na karatu, ko a jikinta. Wanda bai taɓa cin bashi ba ma shi ne a wahale, don ba shi da makin da bankuna da masu gidan haya ke dubawa kafin su amince da mutum.

Na zo unguwar Bronx ta birnin New York ne bayan maigida ya yi min takardun zama na dindindin, wato girin kad. Da wannan katin na cike fom ɗin FAFSA, inda ake neman tallafi da rancen gwamnatin tarayya. Na samu tallafin Pell, wanda ba a mayarwa, amma bai isa ba, sai na haɗa da rance na shiga karatun aikin jinya. Maganar kuɗin ruwa ta daɗe tana hana ni barci. Mun tambayi malamai, bakinsu bai zo ɗaya ba, a ƙarshe na sa hannu gabana na faɗuwa.

Da korona ta shigo a Maris 2020, gwamnati ta dakatar da biyan bashin karatu na tarayya, kuɗin ruwa ya koma sifili. Aka yi ta ƙara wa'adi daga zamanin Trump zuwa na Biden, har aka haura shekara uku. Sai a Agustan 2022 Biden ya sanar da yafiya: har dala 10,000 ga wanda ke samun ƙasa da dala 125,000 a shekara, har dala 20,000 in ya taɓa karɓar Pell. Ni ke nan. Fom ɗin gajere ne, a waya na cike shi ina tsaye a kicin. Mutane kusan miliyan 26 ne suka nema.

A wani taron suna ƙanin maigida ya tare ni yana dariyar yaƙe, ya ce, "Anti, ku dai kun haye." Shi da bizar ɗalibi ya zo, kuma mai wannan bizar ba ya cikin masu samun rancen gwamnati. Wurin kamfani mai zaman kansa ya ranto, da ruwa mai tsada, kuma sai da yayansa ya tsaya masa. Hutun korona bai shafe shi ba, yafiyar ma ba da shi aka yi ba. Aiki kuwa a cikin makaranta kawai doka ta yarje masa, awa 20 a mako lokacin karatu. Tukunya ɗaya muke ci, amma takarda ta raba mu. Na rasa abin ce masa sai "Allah ya kawo mafita, ƙanina."

Hayewar ma ba mu yi ba. Jihohi shida, ciki har da Nebraska da Missouri, suka kai ƙara. Ranar 30 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta rushe shirin, alƙalai shida suka rinjayi uku, bisa cewa dokar HEROES ta 2003, wadda gwamnati ta dogara da ita wajen yafiyar, ba ta ba sakataren ilimi ikon share kusan dala biliyan 400 ba tare da yardar majalisa ba. Ruwa ya ci gaba da hawa a Satumba, biya ya dawo a Oktoba.

Wani maƙwabcinmu ɗan Nijar mai tuƙa tasi ya ji daɗin hukuncin, bai kuma ɓoye ba. Cewa yake, "Hajiya, ni ban ga ƙofar jami'a ba, don me harajina zai biya wa mai digiri?" Maganarsa da ƙamshin gaskiya, musamman da yake yafiyar lokaci ɗaya ba ta taɓa tsadar makarantun ba, 'yan baya haka za su sake ciyowa. Sai dai a wannan koronar gwamnati ta ranta wa 'yan kasuwa kuɗi ta shirin PPP, ta kuma yafe mafi yawansu, ban ji an tada jijiyar wuya haka ba.

Abin da na dogara da shi yanzu tsohuwar doka ce ta 2007, shirin PSLF: wanda ya yi aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ya biya sau 120, wato shekara goma, za a share masa saura. Shi ya sa na zauna a asibitin gwamnati duk da wasu wuraren sun fi biya, kuma duk shekara sai na sa ofishin ma'aikata sun sa min hannu a takardar shaidar aiki. Ƙanin maigida ba shi da irin wannan hanyar. Ya gama karatu, ya fara biya, watan da ya makara kuwa yayansa kamfanin ke kira.