Abin da saiwar sanya ta koya min a labo

Masu tambayata wai me muke yi da saiwoyi a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, to ga kaɗan daga abin da na koya a aikin memwar ɗina, wato binciken kammala karatu, nan Damagaram. Saiwar sanya nake aiki a kai, wadda ake ce ma uwar magunguna, sai ta rawaya da ta aduwa. A wanke, a shanya a inuwa ba a rana ba, a daka, a jiƙa wani a ruwa wani a alkol, a tace.

Gwajin farko akwai daɗi wallahi. Ka girgiza ruwan aduwa a kwalbar gwaji kumfa ta tashi ta ƙi kwanciya har minti 15, alamar sinadarin saponin ke nan. Ka ɗiga ruwan gwaji na ferik kulorid ruwan ya yi baƙi-baƙi ko kore, sinadarin tanin ne. Ruwan gwaji na Dragendorff in ya ba da gurɓi ruwan lemo, akwai sinadarin alkaloyid. Amma fa duk wannan ce maka kawai yake abu kaza na ciki, bai ce nawa ne ba balle ya ce yana warkarwa, kuma nan ne mu ɗalibai ake yawan gaggawa, daga ganin launi ya canza sai a rubuta wai itacen na maganin cuta kaza, abin na damuna sosai don mutane za su karanta su sha.

Ita sanya da ka kankare ɓawon za ka ji ƙamshin man zafi, metil salisilat ne, dangin asfirin, in ya yi yawa a ciki guba ne. Baban mai magani da nake sayen saiwoyin wurinsa a kasuwar Dole bai taɓa shiga labo ba amma ko kusa ba ya yarda a ba mai ciki, kuma ɗan tsinke yake aunawa.

Rawaya ma ta nuna min wani abu, launinta ya fi fita a alkol fiye da ruwa, alhali masu ciwon shawara a ruwa suke dafawa. Ke nan abin da na auna daban, abin da mara lafiya ke sha daban. Shi ya sa yanzu kowace saiwa sai na tambayi Baba ina aka tono ta, da damina ko da rani, da yadda ake haɗa ta, in dafa kashi ɗaya daidai yadda ya faɗa kafin in taɓa alkol.