Irin masarar Mama

Mama ta yi barci a watan Janairu, lokacin da hunturun Jos yake fasa leɓe. Kwana tara ta yi a asibiti. Ranar Asabar muka binne ta, kuma har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanyin ƙasar da na ɗiba da hannuna na zuba a kan akwatin.

Gidanmu a Tudun Wada ya cika da masu gaisuwa. 'Yan Zumuntar Mata ta cocinmu suka zo cikin ankonsu, da tulu da caki, suka yi ta waƙa har dare. Shekara kusan 30 Mama ce mai buga musu tulu, ranar kuwa wata ce ta riƙe shi. Da na ji bugun ba irin nata ba ne, sai kuka ya ƙwace mini. Wata dattijuwa ta dafa ni ta ce, "Haba 'yata, yi shiru. Mu masu bi ba ma kuka kamar marasa bege." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma na shige ɗaki ina jin kamar hawayena laifi ne a gaban Allah.

Sai da aka yi makonni kafin na iya buɗe wurin da maganar take a Littafi Mai Tsarki da kaina, 1 Tasalonikawa 4:13. Ashe Bulus bai hana baƙin ciki ba, irin na waɗanda ba su da bege ya hana. Daga nan na koma Yohanna sura 11, na daɗe a can. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Betanya, har Marta tana cewa ai yanzu ya yi wari. Ita da Maryamu, kowacce da ta ga Yesu, magana ɗaya ta yi masa: da kana nan, da ɗan'uwana bai mutu ba. Ni ma na faɗa masa haka a barandar asibiti, da muryar da ba ta da ladabi ko kaɗan. Bai tsawata musu ba. Ya riga ya gaya wa Marta shi ne tashin matattu da rai, ya san sarai abin da zai yi nan da ɗan lokaci, duk da haka ya tsaya ya yi kuka. To, in shi ya yi, wa zai hana ni?

Gaskiya, in aka ce mini Mama tana hutawa, na yarda, amma bai ishe ni ba. Hannunta nake kewa, mai kanta saboda fartanya, wanda yake dama gwate ba ya auna komai. Shi ya sa 1 Korantiyawa 15 ta fi kama ni yanzu, domin maganar jiki take yi. Bulus ya ce abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu, ƙwaya kake sa wa ƙasa, Allah kuma ya ba ta jikin da ya ga dama. Ana shuka shi da rauni, ana ta da shi da iko. Manomiya kamar Mama ba sai an yi mata dogon wa'azi a kan wannan ba.

Da muna kwashe kayan madafa bayan Ista, muka ga damin masara rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da shi baƙi. Irin da ta ware wa bana ne. Ƙanena ya ce a kai injin niƙa. Baba, wanda tun jana'iza da ƙyar yake haɗa kalma biyar, ya ce, "A'a. Na shuka ne."

Da ruwa ya sauka sosai, muka fita bayan gida ni da shi. Yana saran rami, ina jefa ƙwaya uku-uku ina rufewa da ƙafa, yadda ta koya mini. Na yi kuka a kunya ta biyu, bai ce mini in daina ba. Jiya na leƙa, ta kai mini gwiwa.