Aikin akurkina ya kai ga shimfiɗar ƙasa, buntun shinkafa na zuba

Salam 'yan uwa masu koyon kiwon kaji a bayan gida. Akurkin da nake haɗawa a nan Gombe kwano ya hau, waya ta zagaye, saura abin da kajin za su taka, kuma wallahi nan ne ya fi ɗaukar min hankali, don laima ita ce babbar matsalar akurki. Kashin kaza in ya haɗu da ruwan da ya zube ya kwana sai warin nan mai yaji ya taso har ido na hawaye, kuma a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ne ƙwayar cutar kashin jini, wato koksi, take samun wurin zama ta dinga kwashe tsaki.

Daɓen siminti na yi tukuna, na ɗaga shi sama da tsakar gida ya ɗan gangara wajen ƙofa. Duk ɗan Gombe ya san yadda ruwan Agusta ke gudu a ƙasarmu mai rairayi. Ga shi ɓera ba zai haƙo ta ƙasa ba, in an kwashe kaji a wanke tas.

Sai abin zubawa a kai. Na leƙa kasuwar katako, garin katako mai laushin nan kam ban ɗauka ba, tsaki na tsattsaga shi a zaton abinci ne ya cika musu ciki, da hunturu kuma ƙurarsa ta dame su da mura. Mai faɗi-faɗin da injin goge katako ke fitarwa shi ne mai kyau, yana shan laima sosai, in ka samu ka saya, amma ka shinshina tukuna kar ya zama na katakon da aka shafa wa magani. Ɓawon gyaɗa da rani ba laifi, da damina yana saurin yin fumfuna, ita kuma huhun tsaki take kamawa.

Buntun shinkafa ne ya kwanta min a rai, ga araha ga shi kusa, albarkacin shinkafar Dadin Kowa. Amma fa ku duba da kyau, ƙananan injina suna fitar da buntu a gauraye da dusa, wannan kaji ci za su yi ta yi kuma yana dunƙulewa da wuri. Tsantsar buntu za ka nema, wanda in ka ɗiba yana kaikayin hannu yana zubewa ta tsakanin yatsu. Na shanya shi a rana ya bushe ƙayau kafin na zuba, kaurin kamar santimita 5 zuwa 8, wajen yatsa huɗu kenan. Mazubin ruwa na ɗora a kan bulo don kar su cika shi da buntu, nan wajen ne kullum yake fara jiƙewa, in ya jiƙe a kwashe a zuba sabo ba sai an jira ranar shara ba. Sauran wajen kuma a dinga juya shi da manjagara.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, damƙi cikin hannu ka matse ka buɗe, in ya wargaje lafiya lau, in ya tsaya a dunƙule kamar fura to laima ta yi yawa.

Filin waje inda za su sha iska yashi na zuba, a ƙarƙashin inuwa, saboda zafin Maris da Afrilu da ke kaiwa digiri 40, da ɗan kasko na toka a gefe su yi birgima saboda ƙwarƙwata.

Tsakin noila, wato irin kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai, nake jira yanzu. Satin farko zan shimfiɗa musu kwali mara santsi a kan buntun har su gane abinci, takarda mai sulɓi tana sa ƙafarsu ta bauɗe. Wanda a cikinku ya taɓa wuce damina guda da buntu, don Allah ya faɗa min sau nawa ya canza shi gaba ɗaya.