Abin da allurar baya ta koya min a sashen yara

Ranar farko da aka ce in zo in riƙe yaro za a yi masa allurar baya a asibitin da nake aiki a arewacin Ingila, ni dai na shiga da ƙwarin gwiwata, don a gida na sha riƙe yara lokacin zafi in sanƙarau ya ɓarke ana ɗibar ruwan baya a kai gwaji, kuma na ga ta masu haihuwar tiyata ba adadi. Ashe wannan daban ce. Can a ta sanƙarau ɗiba muke yi, nan zubawa ake yi, kuma abin da ke cikin ɗan kwalbar nan mililita 5 kacal, a Amurka farashinsa dala 125,000 lokacin da ya fito. Wallahi da sistar ta faɗa min sai da na ƙara matsawa nesa da tiren.

Sunan maganin nusinersen, ana sayar da shi da sunan Spinraza, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2016, Ingila kuma ta fara biya wa marasa lafiya a 2019. Na ciwon SMA ne, ciwon gado da ke kashe jijiyoyin laka masu motsa tsoka, yaro ya yi laƙwas ko wuyansa baya iya riƙewa, mai tsananin a da da wuya ya kai shekara biyu ba tare da injin numfashi ba. Ƙwayar gadonsu SMN1 ce ta lalace, amma akwai 'yar uwarta SMN2 da take aikin rabi da rabi, shi maganin sai ya je ya gyara yadda ake karanta ta don ta fitar da cikakken furotin.

To me ya hana a ba shi a ƙwaya ko a jijiyar hannu kowa ya huta? Wannan tambayar na yi, kuma amsarta ce darasin da ya fi zama min. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa da laka shinge tsakaninsu da jini, ƙananan abubuwa ne kawai ke ratsawa. Farasitamol nauyinsa 151 a ma'aunin masu kimiyya, shi wannan ya haura 7,000, ko ka cika jini da shi a bakin ƙofa zai tsaya. Dole a zagaya a zuba shi cikin ruwan da lakar take kwance a ciki. Ruwan nan a babban mutum bai wuce mililita 150 ba, jiki kuma yana yin kusan 500 kullum, wato yana ta sabuntawa. Ana fara da allura huɗu a jere, ranar farko, ta 14, ta 28, ta 63, daga nan kuma duk wata huɗu har illa masha Allah.

Ni a makaranta duk hankalina yana kan sunan magani da yawan da za a bayar, hanyar shigarsa kuwa layi ɗaya ce da ake haddacewa don jarrabawa. Sai ga shi a nan hanyar ce aikin gaba ɗaya. Ka kwantar da yaro a gefe, ka naɗe shi gwiwa ta taɓa ƙirji don ƙasusuwan bayan su buɗe, amma kar ka danne shi da yawa don yaran nan numfashinsu dama da ƙyar ne, idonka ɗaya a fuskarsa ɗaya a na'urar iskar jini. Likita ya lalubi gurbin a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, allura ta shiga, sai ka ga ruwan yana ɗiga garau kamar hawaye. A bari mililita 5 ya fita, sannan a tura maganin a hankali cikin minti ɗaya zuwa uku, ɗakin tsit sai waƙar katun a wayar uwar.

Manyan yaran su ne wahala, da yawa bayansu ya karkace, wasu an haɗe ƙasusuwan da ƙarfe, babu gurbin da yatsa zai ji. Akwai wata yarinya 'yar shekara 12 da aka gwada sau uku allura na cin karo da ƙashi, ƙarshe sai ɗakin hoton CT aka kai ta aka bi da allurar ana kallo. Magani yana nan a firji an biya kuɗinsa, amma sai da aka yi sati biyu kafin ya shiga jikinta.

Na kuma sha faɗa sau ɗaya. Ina shirya tire na ɗora sirinjin da muka saba da shi, sistar ta ɗauke ta ce in sake duka. Kayan allurar baya bakinsu daban ne, NRFit ake ce musu, da gangan aka yi su yadda ba za su shiga na jijiya ba, saboda an taɓa zuba binkiristin, maganin sankarar jini wanda ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi, a bayan marasa lafiya bisa kuskure, kuma kusan duk wanda aka yi wa haka mutuwa yake. Na ji haushi a ranar gaskiya, don a gaban ɗalibai ta yi min, amma tun daga nan sau biyu nake duba bakin sirinji.

Da na ba Hajiyarmu labari a waya ta ce, ke 'yar nan, ba ita ce allurar da ake cewa in an yi wa yaro baya ƙara tafiya ba? Tun annobar sanƙarau ta 1996 take da wannan tsoron, ita da mata da yawa a unguwarmu. Na ce mata Hajiya ciwon ne ke nakasa su, allurar bata ma kaiwa inda lakar take, yawanci ciwon kai ne ke biyo baya ya wuce. Ta ce to Allah ya ba su lafiya, amma na ji a muryarta bata gamsu ba. Shi kuwa yaron da na fara riƙewa, watan jiya ya zo allurarsa zaune a kekensa ba mai tallafe masa kai, yana ta rigima sai an ba shi sitika kafin ya kwanta.